Daga Buji Zuwa Dutse, da Labarin Mutanen Jamaika a Kan Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Buji cikin watan Janairu ya san abin da a ke kira ɗari. Da asuba hazo ya kan rufe gari har ba ka hangen kukar da ke bakin gonarka. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Tsofaffi su kewaye wutar kara, yara kuwa sai an yi da gaske kafin su yarda ruwa ya taɓa jikinsu. A irin wannan safiya ce muka tashi, mu malamai biyu da yara goma sha ɗaya, za mu Dutse gasar guje-guje ta makarantu. Makarantarmu ba ta taɓa zuwa ba. Wannan karon ma saura kaɗan mu fasa.

Ga mai karatu da ke nesa, bari mu faɗi inda mu ke. Buji ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, hedkwatarta kuwa Gantsa. Tana cikin masarautar Dutse, tare da Birnin Kudu da Gwaram da Kiyawa da Jahun da Miga. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta manoma da makiyaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne arzikinmu. Yaranmu sun saba da tafiyar ƙasa tun suna ƙanana, zuwa gona, zuwa rijiya, zuwa kiwo. Gudu ba baƙon abu ba ne a gare su. Amma gudu a gaban jama'a, a fili mai layi, wannan kam baƙo ne.

Gardama kafin tafiya

Sa'ad da takardar gayyata ta zo, muka kira iyayen yara. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin rabin kuɗin mota, sauran muka harhaɗa. Amma akwai wani dattijo da ya ƙi. 'Yarsa ce ta fi kowa gudu a makarantar, har maza ba su kamo ta. Ya ce, "Malam, ba kuɗin ne ya dame ni ba. 'Ya'yan birni suna da takalma, suna da mai koya musu. Ku kuwa me ku ke da shi? Za ku kwashi 'ya'yanmu ku kai su a yi musu dariya, su dawo suna ƙyamar ƙauyensu."

Maganarsa ba ta banza ba ce, mu ma abin yana ranmu. Muka ce, "Baba, ba mu yi maka alkawarin za su ci ba. Amma in ba su je ba, yaushe za su san inda su ke?" Ya yi shiru. Can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: zai bi mu ya gani da idonsa. Da haka muka zama mutum goma sha huɗu a mota.

Mun bar gida gari bai gama wayewa ba. Gonaki duk an girbe, sai tushiyar kara da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Giginya da ɗorawa suna fitowa daga cikin hazo ɗaya-ɗaya, su sake ɓacewa. Iska tana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa, yara suka takure cikin zannuwa. Sai wani ƙaramin cikinsu ya ce, "Malam, a duniya akwai inda ya fi nan sanyi?"

Muka ce akwai. Sanyinmu, ko ya yi tsanani, ruwan randa ba ya daskarewa. A Kanada da Norwe da Rasha kuwa kogi ya kan daskare har mutum ya taka ya wuce. Ƙanƙara tana saukowa daga sama kamar dusa, ta rufe ƙasa wata da watanni. Mutanen can har wasanni su ke yi a kanta. Tun shekarar 1924, da aka fara a garin Chamonix na Faransa, a kan yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi, dabam da wadda muka saba ji. Abin da ya ba yaran mamaki shi ne da muka ce akwai baƙaƙen fata daga wani tsibiri mai zafi da suka taɓa shiga gasar nan. Ga labarin kamar yadda muka ba su.

Tsibirin da bai kai Jigawa ba

Jamaika tsibiri ne a Tekun Karibiyan, kudu da Kuba. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 11,000 ba, watau wajen rabin Jihar Jigawa. Mutanensa ba su kai miliyan 3 ba. Yawancinsu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake. Sun sami mulkin kai daga Ingila ran 6 ga Agusta, 1962, shekara biyu bayan Nijeriya. Babban birninsu Kingiston. Suna noman rake da ayaba da kofi. Dutsensu mafi tsawo ya kai mita 2,256, amma duk da haka dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar.

Abin da aka san su da shi shi ne gudu. Arthur Wint ya ci zinariya a tseren mita 400 a Landan a 1948. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009. Wannan kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1910 makarantun sakandare na tsibirin su ke gasar guje-guje kowace shekara, har ta zama babban biki, iyaye da tsofaffin ɗalibai su cika filin wasa maƙil. Daga nan gwanayensu su ke fitowa.

To, a tsibirin akwai wani wasa kuma. 'Yan kasuwa suna da amalanken katako na tura kaya, a kan shirya tsere da su, a tura a guje, a haye, a gangara daga tudu. A 1987 waɗansu Amurkawa biyu da ke zaune can, George Fitch da William Maloney, suka lura wasan nan ya yi kama da wani wasan ƙanƙara da a ke kira bobsile.

Shi bobsile, sai mu ce amalanken ƙanƙara. Ba shi da ƙafafu, a kan waɗansu ƙarafa huɗu masu santsi ya ke zamewa. Mutum biyu ko huɗu su ke hawa. Da fari su tura shi a guje wajen mita 50, sa'an nan su faɗa ciki ɗaya bayan ɗaya. Na gaba shi ne matuƙi, na baya shi ke riƙe da birki, ba ya kuwa jan sa sai an wuce layin ƙarshe. Hanyar kamar kwata ce ta ƙanƙara mai yawan kwana, tsawonta ya kan kusa kilomita ɗaya da rabi. Gudun ya kan wuce kilomita 130 a awa. A kan yi zubi huɗu a haɗa lokaci, bambancin na ɗaya da na biyu kuwa wani lokaci bai kai ƙiftawar ido ba. Tun da shi ke babu inji, turin farko yana da muhimmanci ƙwarai. Tunanin mutanen nan biyu ke nan: ƙasar da ke da masu gudu, ai tana da masu turi.

Amma shahararrun 'yan tseren ba su yarda ba. Sai aka nufi barikin soja. Aka sami Dudley Stokes, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, da Devon Harris, da Michael White. Wani Ba'amurke, Howard Siler, ya koya musu. Kuɗi ba su isa ba. Fitch ya zuba na aljihunsa, suka kuma riƙa sayar da riguna masu hoton ƙungiyar. Cikin 'yan watanni suka isa Kalgari ta Kanada, inda aka yi gasar a watan Fabrairu, 1988.

Yaran sun yi dariya da muka gaya musu cewa a gasar nan har ƙura ta yi ɓarna. Wata iska mai ɗumi ta taso daga duwatsu, ta kwaso rairayi ta zuba a kan hanyar ƙanƙarar, har aka ɗaga waɗansu wasanni. Wani yaro ya ce ashe su ma suna da hunturu irin namu.

A tseren mutum biyu, Stokes da White suka zo na 30 cikin 41. A na mutum huɗu, ɗayansu ya ji ciwo kafin a fara. Sai aka ɗauki Chris Stokes, ƙanen Dudley, wanda kallo kawai ya zo. Ɗan tsere ne, amma bai taɓa shiga amalanken ba sai a 'yan kwanakin nan. A zubi na uku amalanken ya kife a wata kwana, ya yi ta jan su kawunansu na gurzar bangon ƙanƙara. Allah ya kiyaye, duka huɗu suka fito da ƙafafunsu. Aka tura shi da hannu zuwa ƙarshen hanya. A 1993 aka yi fim a kan labarin, mai suna Cool Runnings, amma an ƙara masa gishiri da yawa. A fim ɗaukar amalanken suka yi a kafaɗa, abin da bai faru ba.

Dattijon nan yana gaban mota, mun zaci barci ya ke. Sai ya juyo ya ce, "To, Malam, sun ci?"

Muka ce, "Ba su ci ba, Baba."

Ya ce, "Ka ji maganata. Sun kashe kuɗi, sun sha sanyi, sun kife. Me suka kawo gida?"

Muka ce ya dakata, labarin bai ƙare ba. Sun koma a 1992. Sun sake komawa a 1994, a Lillehammer ta Norwe, inda suka zo na 14, gaba da Amurka da Rasha. A 2002, a Amurka, Winston Watts da Lascelles Brown suka kafa sabon tarihin Olamfik na turin farko, daƙiƙa 4.78. Shi Brown daga baya ya koma ɗan ƙasar Kanada, ya ci mata azurfa a 2006. Dattijo ya ce, "Shekara shida ke nan kafin su daina zama abin dariya." Muka ce haka ne. Ya gyaɗa kai, bai ƙara cewa kome ba.

Cikin Dutse

Hantsi ya ɗaga sa'ad da muka fara hango duwatsun da garin ya ci sunansu, manya-manya, jere a kan juna kamar an ɗora da hannu. Yawancin yaran ba su taɓa ganin dutse mai girma haka ba. Dutse ta zama babban birnin jiha ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka cire Jigawa daga Jihar Kano. Kafin nan ƙaramin gari ne. Fadar Sarki tana Garu, tsohon gari, a cikin duwatsu. Sabon gari kuwa ya bazu a ƙasa, da tituna masu faɗi da ofisoshin gwamnati. An kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Itatuwan dabino suna ko'ina, gama an san ƙasar Dutse da dabino tun dā.

Muka tsaya bakin hanya yara su sha koko da ƙosai. Nan wani mai garuwa ya zo wucewa, yana tura kurarsa a kan 'yar hawa. Muka ce yara su ƙirga jarkokin. Goma sha biyu ne, kowace lita 25. Muka yi lissafi tare: kilo 300 ke nan na ruwa, ban da nauyin kurar. Amalanken ƙanƙara na mutum huɗu, in babu kowa ciki, a ƙa'ida ba ya kasa kilo 210. Watau mutumin nan shi kaɗai yana tura abin da ya fi shi nauyi, ba sau ɗaya ba kuwa a yini. Ba mu ce mai garuwa zai iya Olamfik ba. Abin da mu ke so yaran su gane shi ne, ƙarfi yana nan a ƙasarmu. Abin da babu shi ne koyarwa da kayan aiki da damar gwadawa.

Abokiyar aikinmu, malamar da muka zo tare, ita ta ƙara musu da labarin 'yan Nijeriya. Seun Adigun, wadda aka haifa a Amurka, ta yi wa Nijeriya tseren tsallake shinge a Olamfik ta Landan a 2012. A 2016 ta harhaɗa amalanke na katako da hannunta a garin Houston, ta jawo Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka riƙa koyon turi da shi. Kuɗin sayen kaya kuwa roƙon jama'a suka yi ta intanet. A Fabrairu, 2018, suka shiga gasar Piyongcang a Koriya ta Kudu. Wannan ne karo na farko da Nijeriya ta je Olamfik ta sanyi, su ne kuma 'yan Afirka na farko a wasan bobsile a can. Sun zo na ƙarshe cikin waɗanda suka gama. Waɗanda ke gabansu kai tsaye kuwa matan Jamaika ne, su ma zuwansu na farko. A gasar nan Simidele Adeagbo ta wakilce mu a wani wasa da mutum ke kwanciya rub da ciki a kan ɗan faranti ya gangara da kai. A 2022, a Beijin, Samuel Ikpefan ya yi mana tseren zamiya mai dogon zango. Yarinyar dattijon nan ta kasa kunne sosai. Ta ce, "Malama, mata ne duka ukun?" Aka ce mata ne.

A fili

Abin da dattijo ya ji tsoro ya faru, ba za mu ɓoye ba. Da yaranmu suka fito da takalman roba, waɗansu ma ba takalmi, an yi 'yar dariya daga wani sashe na 'yan kallo. A tseren mita 100 na maza, namu biyu suka tsaya a tsaye suna jiran a ce "ku tafi" kamar yadda mu ke yi a gida. Sauran sun durƙusa, ƙarar tashi na fita suka yi gaba. Kafin namu su farga an ba su taku uku. A mita 400 yaronmu ya shigo na biyu, muna murna, sai aka ce an cire shi domin ya bar layinsa a kwana. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wannan doka. Laifinmu ne mu malamai, ba nasa ba. A tseren miƙa sanda muka zo na ƙarshe, gama yaranmu sai sun tsaya cik su ke miƙawa.

Yarinyar kuwa ta shiga mita 800. Ta tashi da ƙarfi fiye da kima, ta ja gaba a zagaye na farko, a na biyu ƙarfinta ya ragu, mutum uku suka wuce ta. Ta zo ta huɗu cikin goma sha biyu, ƙafa ba takalmi. Ba ta sami kyauta ba. Amma wani mai horar da 'yan wasa ya zo ya same mu, ya tambayi shekarunta, ya nuna mata yadda a ke raba ƙarfi tsakanin zagaye biyu. Mahaifinta yana tsaye yana ji.

Abin da muka dawo da shi

Ba daidai ba ne mu nuna wa masu karatu gefe ɗaya kaɗai. Wasan ƙanƙara wasan masu hali ne. Amalanke ɗaya ya fi motar hawa tsada, hanyoyin yin wasan kuwa ba su kai 20 ba a duniya duka, babu ko ɗaya a Afirka ko Karibiyan. Har a 2014 sai da jama'a suka yi wa ƙungiyar Jamaika karo-karo kafin ta isa Sochi ta Rasha. Matan nan uku na Nijeriya a Amurka suka girma, a can suka sami makaranta da filin wasa. Tsibirin bai taɓa cin lambar yabo a Olamfik ta sanyi ba cikin shekarun da muka ambata, daga 1988 zuwa 2022. Wanda ya ce kuɗin da an sa a abin da ƙasa ta fi iyawa, yana da hujja.

Amma mu darasin da muka ɗauka ba na ƙanƙara ba ne. Mutanen Jamaika sun dubi abin da su ke da shi, watau ƙafa da amalanke, suka je inda ba a zaci ganinsu ba, suka ga kasawarsu da idonsu, suka koma suka gyara. Ba domin sun je Kalgari sun kife ba, da ba su zo na 14 a Norwe ba. Mu ma a yini ɗaya a Dutse mun koyi abu uku da shekara goma a gida ba ta koya mana ba: yadda a ke tashi, yadda a ke bin layi, da yadda a ke miƙa sanda a guje. Babu ɗaya cikinsu da ke bukatar kuɗi.

Mun kamo hanyar gida da la'asar. Rana ta zama ja kamar garwashi cikin hazo, yara suka yi ta barci a kafaɗar juna. Sai da muka kusa gida dattijon ya yi magana. Ya ce, "Malam, filin makarantar nan naku duk kwari da tudu ne. In an gama sussuka zan kawo shanuna da amalanke mu cike shi. Layin kuwa, toka za ta yi?"

Muka ce za ta yi. A mako na biyu matan unguwa suka tara mana toka kwano-kwano daga murhu. Muka auna da igiya, muka ja layi shida. Iskar hunturu tana share su kowane kwana uku, yara suna sake ja.

Iyaye, in aka zo muku da takardar neman izini yaro ya je gasa, ko ta gudu ce, ko ta karatu, ko ta muhawara, ku tambayi abin da ya kamata: wa zai raka su, ina za su ci abinci, yaushe za su dawo. In kun sami hali ku bi su, kamar yadda dattijon nan ya yi. Amma kada tsoron dariya kaɗai ya sa ku hana. Malamai 'yan'uwanmu na ƙauye kuma, ku nemi dokokin wasa ku koya kafin ku tafi, kada yaro ya yi gudu a banza kamar namu. Mu dai baɗi, in Allah ya kai mu, za mu koma Dutse.